Bin Dokar Babbar Hanya Kariya Ce Ga Rai Da Hakki

 

Yawancinmu da ke nan abincinmu a kan titi yake. Wani shanu yake kaiwa Kara, wani tumatir da albasa yake saukewa a Mile 12, wani kuma tanka yake ja. Dukkanmu hanyar Legas zuwa Ibadan muke bi, wadda aka buɗe a 1978, mai tsawon kilomita wajen 127. Saboda haka ya wajaba mu san dokarta.

Da farko, gudu. A kan babbar hanya irin wannan, ƙaramar mota ta gida ba ta wuce kilomita 100 a awa, tasi da bas 90, tirela da tanka kuwa 60. Na biyu, ka riƙe hannun dama. Hannun hagu na mai wuce mota ne, kuma kada ka wuce sai ka duba madubi ka ba da sigina. Na uku, a ɗaura bel, a ajiye waya. Na huɗu, in mota ta lalace, a janye ta gefe, a kafa alamar nan mai kusurwa uku da nisa a bayanta. Ganyen da muke zubawa a titi ba ya ganuwa da dare. In barci ya zo, a shiga Ogere a huta. In hatsari ya auku, a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122.

Jama'a, ga inda maganar ta shafi hakkinmu. Direban da lasinsa da inshorarsa da takardun motarsa suka cika, yana da bakin magana. In jami'i ya ce ka yi laifi, takardar laifi zai rubuta maka, ka biya tara a asusun gwamnati ka karɓi rasit, ko ka tafi kotu in ba ka yarda ba. Ba a biyan tara a hannu a bakin titi. Wanda takardunsa ba su cika ba kuwa, shi ne kullum ake tatsa.

Sannan mu tuna, a nan kuskuren mutum ɗaya kan hau kan al'umma duka. Rikicin Mile 12 na 2016, kamar yadda jaridu suka ruwaito, daga ɗan acaba da ya buge wata mata ya faro, aka yi asarar rayuka da dukiya. Don haka iyaye da iyayen gida, ku ja kunnen yaranku: kada su bi hannun da aka hana, kada su hau babban titi da babur inda doka ta hana.

Allah Ya kai mu gidajenmu lafiya. Wassalamu alaikum.