Ƙasan Teku a Kan Duwatsun Oman

Wanda ya hau duwatsun Hajar na ƙasar Oman, a wurare da dama ƙasan teku yake takawa. Kimanin shekaru miliyan 95 da suka wuce, dutsen nan yana ƙarƙashin tsohon tekun Tetis. Tun yana can, da ya taso daga zurfin ƙasa, nauyin da ke danne shi ya ragu, sai wani sashensa ya narke. Kamar matsar gyaɗa ce: man ya hau sama ya daskare ya zama ɓawon ƙasan teku, tunkuza ta rage.

Ni tunkuzar ce ta fi burge ni. Bayanta ja kamar tsatsa, amma in an fasa, cikinta kore-kore. Masana na yanka ta siriri, su auna sinadaran ƙwayoyinta, su gano zafin da ta sha da saurin hucewarta.