Idan Tabo Ya Sami Bargon Mai Saye

A ƙauyen Gee's Bend da ke Jihar Alabama ta Amurka, mata baƙar fata sun gaji wata sana'a tun zamanin bauta, watau ɗinkin bargo da hannu. Bargon hawa uku ne: ƙyallayen da aka harhaɗa a sama, auduga a tsakiya, da shafi a ƙasa, sa'an nan a bi su da allura har su zama guda. A shekarar 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar Freedom Quilting Bee, suka shiga sayar wa manyan kantunan birnin New York. Daga nan bargon da ake yi don gida ya koma kayan mai saye, kowane tabo a jikinsa kuwa ya zama asara.

Tabon da ya fi damun maɗinka shi ne jinin yatsa, in allura ta soke shi. Maganinsa ruwan sanyi ne, nan take, domin ruwan zafi dafa jinin yake yi, ya kama zare. Ba a dirzawa. Ana danna wurin ne a hankali da farin ƙyalle.

In dauɗar ta kai a wanke bargon duka, sai a fara gwada kowane launi da jiƙaƙƙen farin ƙyalle, musamman ja, wanda ya fi saurin zuba. In bai zuba ba, a shimfiɗa zanen gado cikin babban baho, a ɗora bargon, a jiƙa shi da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, a yi ta ɗaurayewa har kumfa ya ƙare. Da zanen ake ɗaga shi, gama jiƙaƙƙen bargo yana da nauyin da zai tsinka ɗinkinsa. Ba a murɗe shi, ba a rataye shi a igiya. Shimfiɗa shi ake yi a inuwa, don rana tana cin launi.

Amma akwai abin da ya kamata ya riga wanki. Auduga takan tsuke in ta sha ruwa, bargon ya ɗan yamutse, ya bar kamannin sabo. Saboda haka wajibi ne maɗinkiya ta sanar da mai saye abin da ya faru, ta nemi yardarsa tukuna. Wanda aka gaya wa gaskiya yakan yi haƙuri da ɗan tabo, amma wanda ya gano da kansa an ɓoye masa, da wuya ya sake kawo aiki.