Dutse Tun Daga 1991

Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991, Dutse ƙaramin gari ne a jikin duwatsu, gidajen ƙasa da zauruka, lunguna sai jaki da keke. Da ya zama babban birnin jiha, kwalta ta ratsa gonaki, sakatariya ta tashi, a 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya, filin jirgin sama ya biyo baya. Madalla da wannan.

Abin da ke damuna, bulo da kwano sun kori soro da azara, har magina masu iya yaɓe da zanen bango sun yi ƙaranci. Ina roƙon hukuma ta gyara tsoffin gidajen unguwar Garu da ƙasarsu, kada a lulluɓe su da siminti.