Tsakanin Kunu da Tuwo: Jawabi Kan Kwaɓin Kankare da Ginin Azuzuwa

Malam Shugaban reshe, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai na Kurfi da Dutsin-Ma, ina gaishe ku da gaisuwar girmamawa.

Ni ba injiniya ba ne, alli na sani. Abin da ya sa na tsaya gabanku da zancen siminti shi ne daɓen ajin da nake koyarwa a Tamawa. Damina biyu kacal ya yi ya fara zubar da yashi, har yara suna tonon sa da yatsa. Ina wurin ranar da aka zuba shi. Da idona na ga lebura yana ta ƙara ruwa a kwaɓin don shebur ya yi masa sauƙi, ban ce uffan ba, domin ban san ɓarna ake yi ba. Wannan jahilci nawa shi ya tura ni bincike, binciken kuma ya kai ni har Malawi.

A gundumar Salima ta ƙasar Malawi, wani kamfani mai suna 14Trees ya tayar da bangon makaranta cikin awa 18, ba da bulo ba, ba da birkila ba. Inji ne mai bin zanen da aka sa masa a kwamfuta, yana zagayawa yana matso kankare ta bakin tiyo, sahu bisa sahu, kamar yadda mai zanen lalle ke matsa leda. Rufi da ƙofofi da tagogi dai hannu ne ya sa su. A watan Yuni na shekarar 2021 yara suka fara karatu a ciki.

Injin ba shi ne abin mamakin ba a wurina, kwaɓin ne. Kankaren da muka saba da shi ana zuba shi ne cikin katako, katakon ya riƙe shi har ya kama. A nan kuwa babu katako. Ana son kwaɓin ya gudana a cikin tiyo kamar kunu, amma da zarar ya fito ya tsaya da ƙafarsa kamar tuwo, har ya ɗauki nauyin sahun da za a ɗora masa bayan 'yan mintuna. In ya yi ruwa, bango ya zauna ya baje. In ya yi tauri, tiyo ya toshe, ko sahun ya fito a tsattsage. Akwai kuma matsalar lokaci, wadda ta fi ba ni sha'awa: in aka yi gaggawar ɗora sabon sahu, na ƙasa ya lotsa, in aka yi jinkiri har fuskarsa ta bushe, biyun ba za su haɗu ba, sai a bar wata kafa da ido ba ya gani, amma ruwan sama ya san hanyarta.

To yaya suke sasanta kunu da tuwo? Ba da ƙarin ruwa ba. Yashi mai laushi suke tacewa, ba sa sa manyan tsakuwa. Suna ɗiga wani sinadari mai warware ƙwayoyin siminti, sai kwaɓi ya yi santsi alhali ruwansa kaɗan ne. Akwai mai jinkirta kamawa don kada ya daskare a hanya, wasu injunan kuma a daidai bakin tiyo suke haɗa shi da mai gaggauta kamawa. Komai da awo, kuma awon safe ba shi ne na azahar ba. Ku kwatanta da zafinmu na watan Afrilu, ko iskar hunturu da ke shanye danshi kafin a kifta ido.

Da na karanta wannan sai na tuna maginan ƙasa na garuruwanmu. Sukan tattake ƙasa da ciyawa, su bar ta ta kwana, su jera tubali, sannan su dakata bango ya sha iska kafin su ƙara masa tsawo. Hasumiyar Gobarau tana nan a Katsina tana ba da shaida. A ganina tambayar ɗaya ce, injin sauri kawai ya ƙara mata.

Ba na ce gobe za a kawo mana wannan inji Tamawa ba. Yana son wuta tsayayya da ƙwararru da kuɗi. Amma ƙa'idar ruwan ta shafi kowane aji da ake ginawa yau. Tun 1918 wani Ba'amurke, Duff Abrams, ya nuna cewa ƙarfin kankare yana raguwa gwargwadon yawan ruwan da aka sa wa siminti. Ruwan da ya wuce ƙima yakan ƙafe ya bar ƙananan ramuka. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma kwaɓi mai kyau bai cika wuce lita 25 na ruwa ba, wato jarka ɗaya, har da danshin da ke cikin yashin. Abin ban takaici, mun juya lamarin: muna ambaliya da ruwa lokacin kwaɓi, muna rowarsa bayan an zuba, alhali a lokacin ne ake buƙatar bayi na aƙalla kwana 7, kuma sai a kwana 28 ake auna ƙarfinsa.

Da yawanmu muna cikin kwamitocin kula da makarantu, mu ake kira mu sa hannu cewa aiki ya kammala. Don haka, Malam Shugaba, ina roƙon reshe ya rubuta wa sashen koyar da gine-gine na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina, a turo mana wanda zai yi mana bita ta yini guda: ya nuna mana gwajin mazurari, wanda ake cika shi da kwaɓi a ɗaga a ga iya zaman da ya yi, da yadda ake gane bulo mai ƙwari. In an amince, ina neman a fara da ajina, a fasa gefen daɓen kowa ya ga cikinsa.