Rawar Mutum Ɗaya a Madadin Ƙasa

An saba ganin ƙasa ta nuna kanta da gungun 'yan rawa, kamar yadda aka yi a bikin FESTAC na Legas a 1977. Akram Khan, wanda aka haifa a Landan, iyayensa kuwa mutanen Bangaladash ne, ya ƙi bin wannan hanya. A wasansa na 2011 mai suna "Desh", wato "ƙasa" da harshen Bengali, shi kaɗai ne a dandali. A ganina, kaɗaicin nan shi ne maganar: ana tambayarsa ƙasar da bai tashi cikinta ba. To, ina zai nemo ta? Sai ya zana fuska bisa askakken kansa, ya sunkuya, ga mahaifinsa ya bayyana.