Titi a Filin Wani: Birnin Washinton da Gandayen Gwamnatin Tarayya



An roƙe ni in yi magana a kan iko da sufuri a manyan birane. Na zaɓi in tsaya a kan birni guda, Washinton, babban birnin Amurka, domin a can ne tambayar da ke damuna ta fi fitowa fili: idan titi ya ratsa filin da gwamnatin tarayya ta keɓe don shaƙatawa da kare muhalli, wa ke da ta cewa a kansa? Mai filin, ko hukumar birnin da mutanenta ke bin titin safe da yamma?

Sai mun san yadda aka kafa birnin kafin mu gane rikicin. Tsarin mulkin Amurka ya ba Majalisar Dokokin Tarayya cikakken iko a kan gundumar da gwamnati za ta zauna, kuma dokar 1790 ce ta ajiye ta a bakin kogin Potomac. Washinton ba jiha ba ce, ba ta kuma cikin wata jiha. Mazaunanta kusan 700,000 suna biyan harajin tarayya, amma ba su da sanata ko ɗaya, wakiliyarsu a Majalisar Wakilai kuwa ba ta jefa ƙuri'a idan an zo zartar da doka. A 1973 aka yi dokar da ta ba su damar zaɓen magajin gari da majalisar birni, ita ma da sharaɗin cewa Majalisar Tarayya na iya soke abin da suka zartar.

A kan wannan kuma sai ga batun filaye. Hukumar Kula da Gandaye ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1916, ta karɓi filayen shaƙatawar birnin a 1933. Abin da ke hannunta ya wuce babban filin da ke gaban ginin Majalisa da wuraren tunawa da shugabanni. Akwai gandun Rock Creek da aka keɓe tun 1890, eka 1,754 na kurmi da rafi a tsakiyar gari. Akwai gandun Anacostia a bakin kogin Anacostia. Akwai shataletale irin su Dupont da Logan, da ƙananan filaye masu kusurwa uku da suka warwatsu cikin unguwanni, wasu ba su fi tsakar gida ba. Hukumar da aka gina don kula da duwatsu da namun dajin Yellowstone ita ce ke riƙe da ciyawar da ke bakin tashar bas. A titin Pennsylvania, tsakanin Majalisa da fadar shugaban ƙasa, kwalta tana hannun birni, gefen da masu ƙafa ke bi yana hannun hukumar gandu. Injiniyan da ke son gyara mahaɗar hanya guda a irin wannan wuri yakan nemi yardar hukumar gandu, ya bi ta Hukumar Tsara Babban Birni da aka kafa a 1924, wani lokaci ya je gaban hukumar da ke duba kyan gine-gine tun 1910, sannan ya cika sharuɗɗan binciken muhalli na dokar da ta fara aiki a 1970.

Wanda ya ji wannan zai yi saurin cewa a miƙa wa birni komai a huta. Ni ma zuciyata ta fi karkata can, amma tarihi bai bari mu yi gaggawa ba, don haka bari in daɗe a kan labari guda.

A shekarun 1960 an tsara manyan hanyoyi da za su keta Washinton, har da wata gada a kan Potomac kusa da unguwar Georgetown, daidai wasu ƙananan duwatsu uku da ke tsakiyar ruwa, waɗanda ake kira Three Sisters. Gadar za ta ci filayen gandu a gaɓa biyu na kogin, hanyoyin da za su haɗu da ita kuma za su rushe gidaje, akasari a unguwannin baƙar fata. Mazauna suka ƙi. Wata ƙungiya da Sammie Abbott da Reginald Booker suka jagoranta ta haɗa farare da baƙaƙe wuri guda, abin da ba a saba gani ba a lokacin, suna cewa ba za a shimfiɗa wa masu zama a bayan gari hanya a kan gidajen talakawan cikin gari ba. A Fabrairun 1968 kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da aikin. Majalisar Tarayya ta mayar da martani a wannan shekarar da doka mai umartar gundumar ta soma gina gadar.

Nan ne wani ɗan majalisa daga jihar Kentucky, William Natcher, ya shigo. Shi ne shugaban ƙaramin kwamitin da ke sakin kuɗin gundumar. Ya riƙe kuɗin jirgin ƙasan birni, wato Metro, ya ce ba gada, ba jirgi. Ku dubi wannan da kyau: mutumin da babu mazaunin Washinton ko ɗaya da ya zaɓe shi, kuma babu wanda zai iya kayar da shi a cikinsu, shi ne ya riƙe maƙogwaron sufurin birnin. A Agustan 1969 majalisar birni, wadda a lokacin naɗa ta ake yi, ta miƙa wuya a wani zama da ya ƙare da hargitsi da kame. A Oktoba ɗalibai suka shiga kwale-kwale suka mamaye duwatsun nan uku, wasu suka tsaya gaban motocin aiki. A Disamba aka aza harsashin Metro.

Me ya kashe gadar? Wani ɗan sashe na dokar da ta kafa Ma'aikatar Sufuri a 1966, wanda ake kira sashe na 4(f). Ma'anarsa a taƙaice: ministan sufuri ba zai amince da aikin da zai ci filin shaƙatawar jama'a ba sai idan babu wata hanya mai yiwuwa kuma mai ma'ana, kuma sai an yi duk abin da za a iya don rage ɓarna. A Maris na 1971 Kotun Ƙoli ta ba wannan sashe haƙora a shari'ar gandun Overton da ke Memphis, inda alƙali Thurgood Marshall ya rubuta hukuncin. Ya nuna cewa gandu kullum shi ne hanya mafi arha, domin babu diyyar gida, babu wanda za a tasa, saboda haka idan arha ce hujja babu gandun da zai tsira. A Oktoban wannan shekarar kotun ɗaukaka ƙara, a hukuncin alƙali David Bazelon, ta ce minista John Volpe bai bi wannan ƙa'ida ba game da gadar Three Sisters, kuma matsin lambar Natcher ba hujja ba ce a gaban doka. A Disamba Majalisar Wakilai ta bijire wa Natcher ta saki kuɗin jirgin da ya sake riƙewa. Ambaliyar guguwar Agnes ta 1972 ta tafi da abin da aka soma kafawa a cikin ruwa, a 1977 aka share gadar daga taswira. Metro ya fara ɗaukar fasinja a Maris na 1976, kuma an juya kuɗin wasu hanyoyin da aka fasa zuwa gina shi.

Abin da nake so ku riƙe daga wannan labari shi ne cewa mallakar tarayya ba ita ta ceci gandun ba. Gwamnatin tarayya ce da kanta ke tura gadar. Abin da ya ceci gandun rubutacciyar ƙa'ida ce da ta ɗaure kowa, da kuma mazauna masu ƙafar zuwa kotu. Haka kuma mallakar birni ba ta ceci Overton ba. Gandun nan na birnin Memphis ne, kuma majalisar birnin ta riga ta yarda a ratsa shi da babbar hanya. 'Yan tsirarun mazauna ne suka ƙi, suka kai ƙara, har yau hanyar ba ta bi ta ciki ba.

Yanzu mu zo zamaninmu, inda abin ya juya. A yau hukumar birnin ce ke neman hanyoyin keke da layin bas da rage gudun mota, ita kuwa hukumar gandu tana tafiya da nata lissafin. Titin da ya bi rafin Rock Creek zuwa tsakiyar gari misali ne. Tun 1937 ake mayar da shi hanya mai fuska ɗaya a ranakun aiki: da safe kowa ya nufi cikin gari, da yamma kowa ya fita. 'Yan sandan gandu ne ke jan shingaye suna juya shi sau da yawa a yini. Wannan babbar jijiya ce ta zirga-zirgar birnin, amma magajin gari ba shi da ikon canja tsarinta.

Can sama a cikin gandun akwai titin Beach Drive. A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, hukumar gandu ta rufe sashensa na arewa ga motoci don mutane su sami wurin miƙe ƙafa. Jama'a suka cika shi: masu keke, iyaye da keken jarirai, tsofaffi, masu keken guragu da ba sa iya bin hanyoyin cikin kurmi. A 2021 majalisar birni ta nemi a bar shi a rufe. Neman kawai za ta iya yi. A tsakiyar 2022 hukumar ta ba da shawarar a rufe shi lokacin bazara kaɗai, sai da ra'ayoyin jama'a suka yi mata yawa ta yanke a Nuwamba cewa zai zauna a rufe duk shekara. Ina ganin hukuncin ya yi kyau. Amma masu zama a unguwannin da ke gefe, waɗanda suka ji tsoron motocin za su kwararo ƙofar gidajensu, wa za su riƙe? Jami'in da ya sa hannu ba ya tsayawa zaɓe. Magajin garin da ke tsayawa zaɓe kuma ba shi ya sa hannu ba. Ko da hukuncin ya zo daidai, wannan giɓi yana nan, kuma gobe wata gwamnati a fadar shugaban ƙasa na iya juya shi ba tare da ta tambayi kowa a unguwar ba.

Kada in yi wa birnin adon da bai cancanta ba. Titin Klingle, ɗan guntu da bai fi kilomita ɗaya da 'yan kai ba, yana cikin kwari a jikin gandun, kuma hanyar tana hannun birni. Ruwa ya cinye shi aka rufe a 1991. Mazauna gabashin gandun suna son a gyara domin shi ne gajeriyar hanyarsu zuwa yamma inda makarantu da asibitoci suka fi yawa, wasu kuma suna son a bar kwarin ya huta. Majalisar birni ta ce a buɗe wa motoci a 2003, ta sake shawara a 2008, sai a 2017 aka buɗe shi a matsayin hanyar ƙafa da keke. Shekara 26 a kan guntun titi. Sai dai duk wannan jayayya an yi ta ne a gaban mutanen da ake zaɓa, kuma wanda ya sha kaye ya san sunan wanda ya kayar da shi.

Matsayina ke nan. A bar filin a hannun tarayya, domin gandu irin Rock Creek na 'yan ƙasa ne duka, har da waɗanda ba a haifa ba, kuma majalisar birni mai neman kuɗin shiga na iya kallon kurmi ta ga fuloti. Amma titin da ya riga ya zama hanyar zuwa aiki, da fitilunsa da magudanarsa da iyakar gudunsa da wurin tsallakawa, a miƙa gudanar da shi ga birni a rubuce, tare da sharaɗin cewa ba za a faɗaɗa shi cikin gandu ba sai an cika ƙa'ida irin ta sashe na 4(f). Mai gida ya riƙe takardar gidansa, ɗan haya kuma a bar shi ya toshe rufin da ke zuba a kansa ba tare da ya jira wasiƙa ba.

Hanyar yin haka ma tana nan. Tun 1932 akwai dokar da ta yarda hukumomin tarayya da na gundumar su miƙa wa juna ikon gudanar da fili ba tare da an sayar ba. A 2019 Majalisa ta ba birnin damar ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da hukumar gandu, wanda ya sa aka gyara dandalin Franklin da kuɗin birni, aka sake buɗe shi a 2021 bayan shekaru yana lalacewa. A Janairun 2025 aka sa hannu a dokar da ta miƙa wa birnin gudanar da filin tsohon filin wasa na RFK, kimanin eka 170, tare da sharaɗin kare gaɓar kogin Anacostia. Matsalar ita ce kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai da aka yi shekaru ana roƙo, fili bayan fili, kamar alfarma.

Ɗalibanmu na tsara birane ba sa buƙatar in yi musu dogon bayani a kan dalilin da ya sa na kawo wannan gabansu. Abuja ma ƙasar tarayya ce tun 1976, ba ta da gwamna, ministan da shugaban ƙasa ya naɗa ne ke gudanar da ita, kuma mun sha jin koke a kan filayen da taswirar birnin ta keɓe don shaƙatawa suna komawa gine-gine. A Kano da Kaduna da Zariya kuma mun san titin da ake cewa na tarayya ne, ya ratsa tsakiyar kasuwa, jiha ta ce ba nata ba ne, Abuja ta yi nisa. Wanda zai rubuta kundin digirinsa a wannan fanni, ina ba shi shawara ya ɗauki titi guda irin wannan, ya bi shi daga farko zuwa ƙarshe, ya rubuta wa ke da kwalta, wa ke da kwalbati, wa ke da bishiyoyin gefe, wa ke da fitila, da kuma ofishin da mai shago zai je idan mota ta kaɗe yaro a ƙofar shagonsa.