Fafaroma, Masu Zane da Kuɗin Talakawa



Duk wanda ya shiga majami'ar Sistina a birnin Rum ya ɗaga kai, sai ya riƙe baki. Fafaroma Sistus na Huɗu ne ya gina ta, aka kammala wajen 1481. Ɗan ɗan'uwansa, Fafaroma Yuliyus na Biyu, shi ya matsa wa Mikelanjelo, wanda asalinsa gwanin sassaƙa dutse ne, ya zane rufinta. Daga 1508 zuwa 1512 yana tsaye bisa katako daf da rufi, fenti na ɗiga masa a fuska.

Ku lura, a wancan zamani Fafaroma sarki ne mai ƙasa da haraji da rundunar yaƙi, ban da shugabancin addini. Abin da maroƙi ke yi wa sarki da baki, shi mai zane ke yi wa Fafaroma a jikin bango.

A 1506 Yuliyus ya aza harsashin sabuwar majami'ar Bitrus, a gurbin tsohuwar da Sarki Kustantin ya gina fiye da shekara dubu kafin nan. Baramante ne ya tsara ta. Ba a keɓe ta don ibada ba sai 1626, watau bayan shekara 120.

To, daga ina kuɗin suka fito? Magajinsa, Liyo na Goma, ya yarda a sayar wa jama'a takardun sassauta hukuncin zunubi, har cikin ƙasar Jamus, don taimakon ginin. Wannan ciniki ne ya harzuƙa Martin Luta ya fitar da batutuwansa 95 a 1517, kuma daga nan kan Kiristocin Turai ya rabu har yau. Bayan haka Fafaroma Urban na Takwas ya kware tagullar shirayin Fantiyon, tsohon ginin Rumawa, aka narka mafi yawanta aka ƙera igwa.

Ba na musun kyawun waɗannan ayyuka, miliyoyin mutane na zuwa kallonsu kowace shekara. Amma sunayen Fafaroma na nan rubuce a goshin gine-ginen, manoman da suka biya kuwa ba wanda ya san su. Da yawanku gobe za ku riƙe baitulmali. Ranar da aka kawo muku takardar wani babban gini ku sa hannu, ku tambaya tukuna: aljihun wa za a taɓa, kuma da yardarsa?